Hancin Kaumi Bakanike

Duk direban da ya yi jigila tsakanin Kano da Maiduguri a shekarun da suka biyo bayan samun 'yancin kai, in dai mota ta taɓa lalace masa a Potiskum, to ya san Kaumi. Garejinsa ba wani abin a zo a gani ba ne: inuwar tsamiya ce a bayan tasha, da rumfar kwano, da akwatin ƙarfe na sifanu. Shi kansa gajere ne kakkaura, ɗan Barebari, iyayensa sun taso daga gabas tun yana goye. Har ya bar duniya Hausarsa ba ta rabu da nauyin harshen gida ba. Ba shi da fara'a, kuma bai taɓa wahalar da kansa wajen yin ta ƙarya ba.

Hanci ne ya yi masa suna. Sauran kanikawa sai sun kwance rabin inji suna zufa kafin su gano inda ciwon yake. Kaumi kuwa sai ya goya hannu a baya, ya zagaya motar yana shinshine-shinshine kamar mai cinikin daddawa, sannan ya tsaya ya ce, "Kulocinka ne ke ƙonewa." Ko ya ce, "Waya ce ta narke, duba ƙarƙashin sitiyari." A duba, a tarar haka ne. Yana bambance warin fetur ɗin da ke ɗiga daga kabureta da wanda ke fita daga tanki. Direbobi suka riƙa tsokanarsa, wai a rufe tukunyar miya in zai wuce, kar ya tona asirin mai girki. Ba ya dariya, amma kowa ya san abin yana yi masa daɗi har cikin ransa.

Gidansu a cikin gari yake. Shi ne babba, sai ƙanensa Abatcha, wanda ya girme wa da nisa, shi ne ma ya ƙarasa rainonsa bayan rasuwar ubansu. Kaumi ne ya fara ɗora hannun Abatcha a kan sitiyari, shi ya kai shi ya yi lasin, shi kuma ya tsaya masa wajen wani ɗan kasuwa, Alhaji Joda, har aka ba shi mota. Tsohuwa ce mai bodin katako, 'yar fetur, irin wadda tankinta ke ƙarƙashin kujerar direba. Da ita Abatcha ke kai hatsi da fatu Kano, da fasinja a saman kaya, ya dawo da gishiri da atamfofi. Uwarsu, Ya Kaka, tana nan da ƙarfinta, kuma a unguwar ba wadda ta kai ta iya haɗa turaren wuta. Gidanta ba a sa tufa sai ta sha hayaƙi. Rigar Abatcha ta tafiya, da hularsa, har zanen da yake shimfiɗawa a kujerar mota, duk sai sun kwana a kan kasko, an kuma yayyafa musu humra.

Aikin kanikanci na wancan zamani da baki ake yinsa. Da baki ake tsotso fetur ta tiyo, da baki ake busa kabureta, da fetur ake wanke hannu kafin a ci abinci. Kaumi ya yi shekara da shekaru a haka. A shekarar da aka koma tuƙi a hannun dama, mura mai zafi ta kwantar da shi. Murar ta tafi, amma hancin bai dawo ba. Ya ce gobe, ya ce jibi. Ranar da ya tabbatar, yana durƙushe yana ɗaure noti, tsumma ya kama wuta a bayansa har ya ci rabi, shi kuwa ko alama. Mai shayin da ke gefe ne ya ƙwala masa kira. Kaumi ya taka tsumman da ƙafa, ya ce ai yana sane. Da ya koma gida ya kasa cin tuwo.

Ciwo ba laifin kowa ba ne. Da ya buɗe baki ya faɗa, da mutane sun ce Allah ya sawwaƙe, su ci gaba da kawo masa mota, domin hannunsa ma ba baya ba ne wajen aiki. Amma Kaumi ya ga idan aka cire hancin nan, shi ma bakanike ne kawai irin na kowace inuwa, abin da zuciyarsa ta ƙi ɗauka ke nan. Sai ya yi shiru. Ya ci gaba da zagaya mota hannu a baya yana jan numfashi, alhali idonsa ne ke aiki, yana neman inda mai ya jiƙa ƙura, kunnensa kuma na sauraron inji. Wani lokaci ya dubi direba ya ce, "To gwani, kai me ka ji?" Direba ya faɗa, shi kuma ya gyaɗa kai kamar malamin da ke gwada ɗalibi. Dabarar ta yi ta fitar da shi, har ya fara ganin zai mutu da asirinsa.

Da damina ta faɗi, Abatcha ya fara ciwon kai. Ba kullum ba, sai a hanya. Yana cikin tuƙi sai ya ji kansa ya yi nauyi, idonsa na ganin kwalta biyu, zuciyarsa na tashi. In ya sauka ya sha iska, ya wartsake. Wata rana kafin Azare, ana tsuga ruwa, ya farka ya ga motar ta bar titi ta nufi rami, mutane a baya suna salati. Allah ya tsare, birki ya kama. Da ya dawo Potiskum bai ko biya gida ba, ya zarce gindin tsamiya.

"Yaya, don Allah shiga ka shinshina min kan motar nan, wajen mazaunin direba," in ji shi. "Wani lokaci kamar ina jin warin mai, to amma ni kullum cikin mai nake, ga turaren Ya ya kama ko'ina. Na kasa rabewa. Kai ne za ka sani."

Akwai direbobi zaune a kan benci suna jiran gyara, duk suka juyo. Kaumi ya goge hannu, ya taka ya hau, ya ja ƙofa. Ya shaƙi iska har ƙirjinsa ya cika. Babu komai, ba fetur, ba humra, kamar ya sa hanci a cikin tulun da ba ruwa. Ya sauko ya leƙa ƙarƙashin motar, ƙasa a bushe. Ya bi bututun mai da yatsa daga tanki har kabureta, bai ji danshi ba. Ya ɗaure wani noti da ba ya bukatar ɗauri. A lokacin ne ya kamata ya ja ƙanensa gefe ya ce masa, je ka wajen wani ya shinshina maka. Ya dubi bencin, ya dubi Abatcha.

"Ba mai ba ne," ya ce. "Motarka lafiya lau."

Abatcha ya sauke numfashi, ya yi godiya, ya tafi. Ko kokwanto bai yi ba, domin a duniyarsa in Yaya ya ce mota lafiya, to lafiya take.

Maganar nan ita ta ɓata komai. Tunda Kaumi da kansa ya wanke motar, sai kowa ya koma neman ciwon a jikin direba. Aka kai shi asibiti, aka ba shi ƙwayoyin ciwon kai. Aka karɓo rubutu ya sha. Abin bai fasa ba. Ya Kaka ta lura cewa ba ya kama shi sai ranar hadari, kuma sai a cikin motar, ta haɗa wannan da wancan ta yanke hukunci: iska ce ta samu wurin zama a kan motar, ƙila a wata kuka ya tsaya da ita a hanya. Matan unguwa suka ce ba shakka. Alhaji Joda kuma ya aiko cewa ba zai zuba wa mutum ido ya hallaka masa jama'a ba, in abin ya sake faruwa zai karɓi makulli.

Kaumi ya rame a tsaye. Duk ranar da Abatcha ya ɗau hanya, kunnen Kaumi na tasha. Mota ta shigo daga yamma, sai ya ajiye sifana ya bi fuskar direban da kallo, ko da mugun labari ya zo. Tsoro yake ji, tsoro na gaske, kuma ba shi da wanda zai gaya wa. Shi ma ya lura da zancen hadarin, sai dai shi ya san abin da direba ke yi in ruwa ya sauko: ɗaga gilashi yake, ya rufe kansa ruf. Ya kuma san fetur ba sai ya ɗiga yake fita ba. In tanki ya ɗau zafi, mai yakan tashi ya zama tururi, ya nemi kafa komai ƙanƙantarta, ba ya jiƙa ƙasa, ba ya barin alama. Irin wannan yoyon hanci ne kaɗai ke kama shi. Ya san haka tun ranar da ya ce lafiya lau.

Wata Alhamis motar ta kwana a ƙofar gida, ba lodi sai washegari. Da rana suna cin abinci a zaure, Ya Kaka ta leƙo. Ba ta kiran sunan Kaumi, ɗan fari ne, sai dai ta ce kai.

"Kai, na samo haɗin hayaƙi daga wajen wata tsohuwa a Fika. Yau zan yi wa ƙanenka, mu ga ƙarshen abin nan."

"Allah ya sa a dace, Ya," in ji Kaumi. A zatonsa a ɗaki za a yi, yadda aka saba, a lulluɓe mutum da bargo a tura masa kasko. Bai tambaya ba.

Bayan azahar Abatcha ya shiga ya kwanta, unguwa ta yi tsit saboda zafin rana. Kaumi ya ɗauko kwano da ruwan sabulu da famfon taya, ya fita kamar ɓarawo. Motar ta wuni a rana, gilasai a rufe. Da ya buɗe ƙofa bai ji komai ba, amma idonsa ya yi yaji, hawaye ya taru. Ya ɗage kujera. Hasken rana ya faɗo a kan tankin, sai ya ga wata inuwa siririya tana rawa a jikin ƙarfen, irin wadda ake gani a saman garwashi. Ya cusa bakin famfo a wuyan tankin, ya toshe gefen da tsumma, ya shafa ruwan sabulu a kan kowace mahaɗa, ya buga iska kaɗan. Akwai wani ɗan bututu da ke fitar da numfashin tanki zuwa waje ta ƙarƙashin mota. A daidai inda ya lanƙwasa, ƙasan kujerar, kumfa ta taso, ta fashe, wata ta taso. Tsatsa ta ci shi, ya tsage kamar tsawon farce. Duk abin da ya kamata ya fita waje, a ƙarƙashin Abatcha yake fita, tun farkon damina.

Ya zauna a kan matakin motar. Daɗi ya ji da kunya a haɗe, kunyar ta fi yawa. Sai kuma tsohon halin ya motsa. Gyaran ba wuya, ɗan guntun tiyo ne da waya. In ya je gareji ya ɗauko ya ɗaure kafin la'asar, ciwon kai zai tafi, a ce hayaƙin Ya ne ya yi aiki, tsohuwa ta ji daɗi, kowa ya huta, ba wanda zai san komai. Ya mayar da kujera, ya rufe ƙofar yadda ya same ta don kar a gane an taɓa, ya nufi bayan tasha da sauri.

A gareji wani direba ya tare shi da zancen birki, ya ɓata masa lokaci. Ana kiran la'asar ya shawo kwanar gidansu da tiyo a aljihu. Sai ya hango abin da ake shirin yi. Abatcha na zaune a kan motar, a mazauninsa, lulluɓe da bargo har ka, gilasai a ɗage. Mata uku ko huɗu na tsaye a bakin zaure da yara. Ya Kaka kuwa ta fito, kasko a hannu cike da jan garwashi, tana tafe tana fifita shi da gefen mayafi. Tunda a cikin motar abin yake zaune, a cikin motar za ta ƙona shi. Ta riga ta kai hannu ga ƙofar.

"Ya! Tsaya!"

Ko ba ta ji ba, ko ta ji ta ƙi, ƙofar dai ta fara buɗewa. Kaumi bai san lokacin da ya isa ba. Ya bangaje ƙofar da kafaɗa ta rufe, ya cafe kaskon da hannu biyu, ya fizge shi daga hannun uwarsa, ya ruga da shi tsallaken hanya. Garwashi ya zubo masa a tafin hannu da damtse, bai saki ba sai da ya kai bakin kwata ya kifa shi a ruwa. Tsohuwar ta yi taga-taga ta zauna a ƙasa.

A unguwar nan ba a taɓa ganin ɗa ya fizge abu daga hannun uwarsa har ta faɗi ba. Wata mata ta ce, "La'ilaha illallahu, shi ma ta kama shi." Ya Kaka ba ta yarda an ɗaga ta ba. Daga zaunen ta dube shi.

"Kai, ni ka ture? A gaban mutane?"

"Ya, ki yafe ni. Motar cike take da tururin fetur. Da garwashin nan ya shiga, da ke da shi ba wanda zai fita."

"Wane fetur? Ba kai ka ce ba mai ba ne? Da bakinka ka faɗa, kowa ya ji."

Abatcha ya sauko, bargo a kafaɗa, idonsa jawur, yana dafe da ƙofa saboda jiri. Kaumi ya tsaya da hannuwa a buɗe, fatar ta fara tashi. Ba sauran wurin ɓuya.

"Ban ji ba ne," ya ce. "Hancina ya mutu. Tun murar nan ba na jin warin komai."

Abatcha ya zagaya ya ɗage kujerar da kansa, Kaumi ya nuna masa wurin da haɓa. Abatcha ya sunkuya ya kai hancinsa daf da bututun, ya ɗago da sauri yana tari. Ya daɗe yana kallon tsagar.

"Yaya, yaushe ka gano?"

"Ɗazu, bayan azahar."

"Ina ɗaki a kwance. Ka wuce ta ƙofata ba ka tashe ni ba."

Kaumi ya sunkuyar da kai.

"Ranar da na zo gindin tsamiya fa? Ka san ba ka ji, ka ce min lafiya lau. Mutum nawa na ɗauka a bayan motar nan tun daga ranar? Har da mata masu goyo, Yaya. Da ka ce min je ka wajen wani, wallahi da ban gaya wa kowa dalili ba."

Bai ɗaga murya ba, kuma bai ƙara ko kalma a kai ba. Ya je ya kama uwarsu ya shigar da ita gida. Shi ne kuma ya dawo ya kai Kaumi asibiti aka naɗe masa hannuwa. Da yamma Abatcha ya zaro tiyon daga aljihun yayansa, ya ɗaure bututun da kansa. Ciwon kai bai sake dawowa ba.

Kafin sallar Juma'a labari ya gama tasha. Wasu suka yaba masa, suka ce ba kowa ke kama wuta da hannu ba. Wasu suka yi ta lissafin motocin da ya shinshina musu a 'yan shekarun nan suna dariya. Ya Kaka ta yi kwanaki ba ta amsa gaisuwarsa, daga baya ta sauko, ita ce ma ta riƙa shafa masa man kaɗanya a tabon. Hannuwan sun warke, sai dai yatsu biyu na dama sun ƙanƙance, ba sa riƙe ƙaramin noti. Ya koma inuwar tsamiyarsa, ya daina goya hannu a baya. In aka kawo mota yakan ce wa mai ita, "Ni ba na jin wari, shinshina ka gaya min," ya ɗauko ruwan sabulunsa. Aiki ya ragu, amma bai yanke ba, ya ci abinci da shi har tsufa.

Abatcha ya yi shekaru yana tuƙi, har ya sayi motar kansa. Bai taɓa yi wa yayansa rashin kunya ba, bai kuma taɓa tayar da zancen ba. Duk dawowar da zai yi daga Kano sai ya tsaya a gindin tsamiya, ya sauko, ya durƙusa ya gaishe shi, ya ajiye masa goro ko ƙullin albasa. Wani lokaci injin na tari, Kaumi na jinsa da kunnensa tun daga kwana, har ya san abin da ke damunsa.

"Kamar filoginka ɗaya ba ya ci," yakan ce. "Buɗe mu gani."

"Ba komai, Yaya, kar ka wahalar da hannunka."

Sai ya tashi ya karkaɗe gwiwa, ya hau, ya ja motar a hankali zuwa garejin da ke gaba, Kaumi na zaune yana kallo ana ɗaga mata murfin inji.